Tambaya da Amsa: Haɗa wayar akwatin UV na kashe ƙwayoyin cuta a shagon aski

Tambaya: Ina da shagon aski. Na sayi ƙwan UV mai wat 8, kafinta ya yi min akwatin katako don in riƙa saka kilifa da almakashi. In haɗa shi da filogi kai tsaye kamar fitilar ɗaki, ko akwai abin da zan ƙara?

Amsa: Malam, kada ka haɗa shi kai tsaye. Ƙwan irin dogon ƙwan ofis ne, sai da cok ko balas, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwai, mai wat 8 daidai da shi, in ba haka ba ko dai ya ƙi kamawa ko ya ƙone nan take. Amma babban haɗarin yana ga hasken. Ƙwan yana fitar da hasken UV-C, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta, mai tsawon zango nanomita 254, wanda ido ba ya gani. Shuɗin da kake hangowa ɗan rara ne kawai. A kusa da ƙwan, daƙiƙu kaɗan sun isa su ƙona saman ƙwayar ido, kuma ba za ka ji komai ba sai bayan awa 6 zuwa 12, ido ya yi ja kamar an zuba masa yashi, irin abin da ke samun wanda ya kalli walda. Don haka dokar aikin guda ce: in ƙofa tana buɗe, ƙwai ya kasance a kashe, ko da mutum ya manta.

Abin da ke tabbatar da wannan shi ne makunnin ƙofa, ɗan ƙaramin nan mai harshen ƙarfe da ake samu a injin ɗumama abinci. Nemi mai ɗaukar bolt 250 da amfiya 5. Ƙafafunsa uku ne, an rubuta COM, NO da NC. Yi amfani da COM da NO, domin wuta ta wuce sai lokacin da ƙofa ta danne harshen. A nan mutane suka fi kuskure, su ɗaura a NC, sai ƙwan ya kama daidai lokacin da aka buɗe. Saka biyu a jere, ɗaya sama ɗaya ƙasa, saboda bakin makunni kan manne idan ya tsufa, ya ci gaba da ba da wuta. Ka nutsa su cikin katako a ɓangaren da ƙofa ke buɗewa, ba wajen hinji ba, yadda da ta ɗaga kaɗan wuta za ta yanke, kuma yaron shago ba zai iya danna su da yatsa ba.

Waya mai jijiya uku, kauri 0.75mm², ta wadatar. Layif, jijiyar da ke ɗauke da wuta, mai launin ruwan ƙasa, ko ja a tsohuwar waya, ta fito daga filogi mai fiyus na amfiya 3, ta bi babban makunni, ta bi makunnan ƙofa biyu, ta bi agogon lokaci, sannan ta shiga balas. Nutural, shuɗiya ko baƙa, ta tafi balas kai tsaye. Kada a yanka nutural a bar layif, domin ƙwan zai mutu amma wuta tana nan a jikin kayan tana jiran hannu. Soket da yawa an juya musu waya tun wajen haɗawa, sai ka auna naka da testa. Waya ta uku, kore da rawaya, ta ƙasa ce: ɗaure ta da sukuru a jikin balas da duk wani ƙarfe na akwatin.

Balas da mahaɗar wayoyi su zauna a wani ɗan ɗaki daban a bayan akwatin, da ramukan shan iska. UV-C yana cin robar waya, ta bushe ta tsage, don haka ɗan guntun da ya shiga ciki zuwa mariƙin ƙwai a rufe shi da alminiyum. Ban da salatif a ciki. Shi ma bangon ciki a shimfiɗa masa alminiyum, wanda ya fi farin fenti da ƙarfen da ba ya tsatsa mayar da wannan haske.

Wani abu da ya shafi wutarmu: agogo mai murɗawa yana ci gaba da tafiya ko an ɗauke wuta, sai ka dawo ka tarar ya kai sifili alhali ƙwan bai yi minti biyu ba. Huda ɗan rami a ƙofa ka manna gilashin taga mai kauri milimita 3 ko fiye. Gilashin taga yana tare UV-C, yana barin shuɗin ya fito, ka ga ko ƙwan na ci.

Gwajin farko kada ka yi shi da ƙwan UV. Farin ƙwai na yau da kullum mai wat 8, siriri mai tsawon kusan santimita 30, yana shiga mariƙi ɗaya da balas ɗaya. Saka shi, buɗe ƙofa ka rufe sau ashirin, danna kowane makunni shi kaɗai da ɗan tsinke ka tabbatar bai kama ba. Sannan da dare ka kashe fitilun shago ka duba inda haske ke tsiyaya, ka toshe. Sai an wuce nan za ka zare filogi ka saka na gaske, ka goge shi da sifirit, domin maiƙon yatsa yana rage ƙarfinsa.

Ɗora kaya a kan ragar waya, tazarar santimita 15 daga ƙwai, minti 10, ka juya su, ka ƙara 10. Idan kana jin wari mai kaifi bayan buɗewa, ƙwan mai fitar da iskar ozon ne, canza shi da wanda aka rubuta ba ya fitarwa. Ƙarfinsa yana raguwa bayan awa 8,000 ko kusa da haka duk da yana ci gaba da shuɗi. Akwai zaiba a cikinsa, idan ya fashe a buɗe taga a fita, kada a share da tsintsiya.

Hasken ba ya ratsa gashi, maiƙo ko busasshen jini, ba ya kuma shiga tsakanin haƙoran kilifa, inda ƙwayar ciwon hanta nau'in B ke iya yin kwana 7 da ranta. Sai an kwance bakin kilifa, an goge da buroshi, an jiƙa a sifirit mai kashi 70 cikin 100 ya bushe, sannan ya shiga akwati. Reza kuwa sabuwa ga kowane mutum.