Mojul na C++20 ko Carbon: wanne ya kamata in bi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar kwamfuta, ina zaune a Mabera, nan Sakkwato. Na rubuta manhajar lissafin kayan shago da C++, fayiloli kusan 60. Da zarar na taɓa heda guda (fayil ɗin sanarwa da sauran fayiloli ke kira), sai kompaila (manhajar da ke juya rubutun zuwa abin da kwamfuta za ta gudanar) ya sake gina kusan komai, ga wuta ba ta zama, batir ya kusa ƙarewa kafin ya gama. Na ji ana maganar mojul a C++20, wasu abokai kuma suna cewa C++ ya tsufa, Carbon zai gaje shi. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka sun haɗa magana biyu wuri ɗaya. Mojul gyara ne da aka yi a cikin gidan C++, kuma yau ma za ka iya aiki da shi. Carbon kuwa sabon yare ne, sabon gida da ake kan ɗora tubalinsa, masu ginin da kansu suna kiransa gwaji.

Mu fara da tushen ciwon. Bjarne Stroustrup ya fara C++ a 1979 a Bell Labs, ya gaji tsarin #include daga C. Wannan umarni ba shi da wayo ko kaɗan: kwafe rubutun heda yake yi ya zuba a cikin fayil ɗinka. Ka rubuta fayil mai layi ɗaya, #include <iostream>, ka ba shi g++ -E, ka ƙirga abin da ya fito. Dubban layuka za ka gani. Idan fayilolinka 60 duk sun kira wannan heda, kompaila zai karanta shi daga farko har sau 60. Can batirinka yake tafiya.

Akwai ɓarna ta biyu wadda ta fi jinkiri zafi. Makro, wato sunan da ake musanyawa da wani rubutu kafin kompaila ya fara aiki, bai san iyaka ba. Sanannen misali shi ne windows.h, wanda yake ayyana min da max a matsayin makro, sai su lalata std::min da std::max, har sai an sa NOMINMAX kafin a kira shi. Shi ya sa wani lokaci sauya jerin heda biyu kawai yake hana manhaja ginuwa.

Mojul ya zo da wata hanya. A saman fayil ka rubuta "export module kaya;". Sai ka sa export a gaban abin da kake so na waje su gani. Mai bukata ya rubuta "import kaya;". Shi ke nan. Kompaila yana sarrafa mojul sau ɗaya, ya ajiye sakamakon a fayil na musamman: .gcm a kompailan GCC, .pcm a na Clang, .ifc a na Microsoft. Abin da ba ka fitar ba yana nan a ɓoye, kuma makro ba ya tsallake katanga. C++23 ya ƙara "import std;". Shi ne yake shigo da ɗakin karatun yaren, wato tarin kayan aikin da C++ ke zuwa da su, gaba ɗaya da layi guda.

Ga yadda za ka shiga ba tare da ka rushe aikinka ba. Duba kayan aikinka tukuna: CMake, manhajar da ke tsara gini, ya fara tallafa wa mojul a hukumance daga 3.28, yana son Ninja (mai gudanar da ginin) 1.11 zuwa sama, da Clang 16, ko GCC 14, ko Visual Studio 2022 daga 17.4. Idan tsohon GCC ne a kwamfutarka, sabunta shi kafin ka ɓata dare kana neman kuskuren da ba naka ba. Sannan ka zaɓi sashe ɗaya wanda bai dogara da kowa ba, misali lissafin farashi da ragi. Mayar da shi kaya.cppm, ka shigar da shi a target_sources na CMake ƙarƙashin FILE_SET CXX_MODULES. Idan yana bukatar tsohon heda, ka fara fayil da layin "module;" shi kaɗai. Sannan ka jero #include ɗinka, daga nan export module ya biyo. Wanda ya sa #include a ƙasan wannan layi ya mayar da kayan heda mallakin mojul ɗinsa, kuma kurakuran da za su biyo baya masu wuyar ganewa ne.

Nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, kuma ya shafi tambayarka kai tsaye: idan ka taɓa fayil ɗin da ke fitar da sunaye, duk mai import ɗinsa sai an sake gina shi. Don haka ka bar sanarwa kawai a kaya.cppm, jikin ayyukan ka kai shi wani fayil da ya fara da "module kaya;". Kada ka sa export a gaban wannan layi. Gyaran yau da kullum a can zai riƙa faɗawa, ba ya tada maƙwabta.

Ka kiyaye abu uku. Mojul biyu ba sa kiran juna a zagaye, dole ka raba su. Fayil ɗin .pcm ko .gcm ba a ɗaukarsa daga wani kompaila zuwa wani, ko sauyin siga ma yana iya kashe shi, saboda haka kada ka tura wa aboki shi a filasha. Kuma assert makro ne. Don haka "import std;" na C++23 ba zai ba ka shi ba, sai ka kira <cassert>.

Yanzu masu neman gadon C++. Chandler Carruth na Google ya gabatar da Carbon a watan Yuli 2022 a taron CppNorth, birnin Toronto na Kanada. Manufarsa kamfanin da ke da miliyoyin layukan C++ ya riƙa ƙaura kaɗan-kaɗan, sabon yare da tsoho suna kiran juna. Masu shi sun rubuta ƙarara cewa wanda zai iya amfani da Rust ko wani yare da ya riga ya kafu, ya yi hakan. A Satumbar wannan shekara Herb Sutter ya nuna cppfront a CppCon. Nasa ya fi kusa da gida: sabon salon rubutu ne mai suna Cpp2, ana juya shi zuwa C++ na yau da kullum, kompailanka ya gina. Yana duba iyakar jeri da kansa, kuma ba ya yarda a karanta abin da ba a ba shi ƙima ba. Akwai kuma Hylo, wanda a da ake kira Val.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka tunzura su shi ne tsaron memori, wato wurin da manhaja ke ajiye bayanai yayin aiki. A 2019 Microsoft ta bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da take toshewa daga nan suke fitowa: karanta abin da aka riga aka saki, ko wuce ƙarshen jeri. Mojul bai taɓa wannan ciwo ba sam, kada wani ya ruɗe ka. Maganin da ke hannunka yau shi ne ka daina new da delete da hannu, ka riƙe std::vector da std::unique_ptr, ka riƙa gwaji da -fsanitize=address. A manhajar da ke riƙe da bashin mutane da kuɗin shago, wannan ya fi saurin gini muhimmanci.

Shawararmu: manhajar shagon ta zauna a C++. Mayar da sashe ɗaya zuwa mojul, auna lokacin gini kafin da bayan, lambar ta gaya maka ko ka ci gaba. Cppfront kana iya wasa da shi a wani ƙaramin aiki na daban lokacin hutu, zai koya maka inda C++ yake da rauni. Carbon kuwa ka karanta takardun tsarinsa a GitHub, amma kada ka ɗora masa lissafin shago tukuna. Allah ya ba da sa'ar karatu.