Ƙananan fikafikan gaban jirgin yaƙi: wa ke juya su?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na kalli bidiyon jirgin yaƙin Faransa Rafale a wayata, na ga fikafikai biyu ƙanana kusa da mazaunin matuƙi suna ta motsi. Ban lura da irinsu a jikin Mirage 2000 da muka riƙa gani a sararin Yamai kafin sojojin Faransa su tafi a 2023 ba. Mene ne amfaninsu, kuma matuƙin ne ke juya su? (Wani ɗalibi ɗan Tahoua da ke karatu a Yamai)

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Tambayarka ta faɗo cikin fagenmu, domin kwamfuta ce ke juya su.

Ana kiransu kanar. Dabarar tsohuwa ce, jirgin 1903 na 'yan'uwan nan Wright, Amurkawan da suka fara tashi da jirgin sama mai inji, ma a gaba yake da nasa. Yau kana ganinsu a Rafale, da Typhoon na Turai, da Gripen na Suwidin, da J-10 da J-20 na Sin. Duk waɗannan babban fiffikensu mai kusurwa uku ne, wanda yake da kyau wajen gudu amma yana ba da wahala idan jirgi ya rage sauri zai sauka. Kanar yana ɗaga hancin jirgin daga gaba, kuma idan yana dab da babban fiffike, kamar a Rafale, yakan tayar da 'yar guguwa da ke bi ta samansa, ta hana iskar rabuwa da shi ko da hancin ya miƙe sama sosai. Shi ya sa jirgin ke iya juyawa a ƙuntataccen wuri, ya kuma sauka a gajeren fili.

Abin da ya fi burge ni shi ne da gangan aka ƙera jiragen nan ba su da daidaito, don su yi saurin juyawa. Kamar sanda ce a tsaye kan tafin hannu: ka daina gyarawa, ta faɗi. Hannun ɗan Adam ba zai iya wannan gyara da saurin da ake buƙata ba. Matuƙi yana nuna inda yake so, na'urorin auna iska da motsi suna kai rahoto, kwamfutoci su lissafa, su juya kanar sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Ana sa kwamfuta fiye da ɗaya, suna duba lissafin juna. Kuma manhajar sai ta dace da hannun matuƙi: a 1993 wani Gripen ya faɗi a Stockholm, babban birnin Suwidin, lokacin wasan nuni saboda manhajar da matuƙin sun yi ta gyara kan gyara, matuƙin ya tsira da lema, aka sake gyara manhajar.

Aibun kanar shi ne suna iya ƙara wa jirgi fitowa a na'urar rada, kuma F-22 da F-35 na Amurka ba su da su. Mirage 2000 da ka ambata shi ma kwamfuta ke riƙe da shi, sai dai da bayan babban fiffikensa take gyarawa.