Ƙarfi na ɗauke wa motata a hanyar Takeita: turbo ne ko bawul?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Golf 4 mai gazuwal, 1.9 TDI mai doki 110, da ita nake jigila tsakanin Damagaram da Maradi. Wata biyu ke nan, in na taka totur zan wuce babbar mota sai ƙarfi ya ɗauke mata farat ɗaya, kamar an riƙe ta ta baya. In na kashe na sake tayarwa sai ta dawo garau. Makon jiya ta yi mini haka bayan Takeita, ina gefen tirela ga wata mota na tahowa, Allah ne kawai ya kiyaye. Wani makaniki ya ce turbo ya mutu. Wani kuma ya ce zai cire tiyo daga bawul ya haɗa kai tsaye, a huta. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara tsarewa. Kafin a gyara ta, ka daina wuce manyan motoci.

Turbon da ya mutu ba ya farfaɗowa don an murɗa makulli. Tunda kashewa da tayarwa na maido da ƙarfi, kwamfutar inji ce ke yanke shi da gangan, saboda matsin iskar da take gani ya saɓa wa wanda ta nema. A sa mata na'urar bincike. Lamba 17965 na nufin matsi ya wuce ƙima, 17964 kuma bai kai ba.

Fara da siraran tiyo na zuƙar iska, daga famfon zuƙa zuwa bawul ɗin N75 mai sarrafa matsin turbo, wanda a gareji muke ce wa elektroban, daga nan zuwa gwangwanin da ke jikin turbo, mai sandar da ke motsa fukafukan cikinsa. Zafin watan Afrilu da Mayu a nan yana wuce digiri 40, robar sai ta bushe ta tsage, galibi a bakin mahaɗa inda ido ba ya gani. Lanƙwasa kowanne da yatsa ka duba. In birki ma ya fara tauri, to zuƙar ce ke zurarewa, don famfo ɗaya ke ciyar da su. Shi kansa bawul ɗin, zare soket a auna da mita: om 14 zuwa 20 ake so. Yana da tiyo na uku da ke shaƙar iska daga wajen matatar iska, ƙurar hunturu na toshe shi, kuma ba kowa ke tunawa da shi ba. Sannan a ɗaura famfon hannu a gwangwanin. Sandarsa ta tafi sumul, ta kai ƙarshe a wajen bar 0.6 na zuƙa, ta riƙe, in an saki ta koma da kanta. In tana cijewa, baƙin hayaƙi ne ya daskare a fukafukan da ke cikin turbo. Wankewa suke so, kuma ni a nan na fi zargin matsalarka take.

Yanzu ga maganar na biyun, mai haɗa tiyo kai tsaye. Wallahi wannan abu yana ci mini rai, don kusan kowane mako sai an turo mini motar da aka yi wa haka. Wani ya tsallake bawul, wani ya ɗaure sanda da waya, wani ya murɗe goron sandar har ƙarshe, sannan a ce wa mai mota "ga ta nan, ta fi da ƙarfi." Mai mota ya zaga Sabon Gari, ya ji tana fizga tun daga ƙasa, ya biya da murna. Bawul ɗin nan shi ne linzamin turbo. Turbon yana juyawa fiye da sau 150,000 a minti, kuma aikin bawul shi ne ya sassauta fukafukai in matsi ya kai inda aka tsara, wajen bar 1 a irin injinka. In aka ba gwangwanin zuƙa kai tsaye, fukafukan za su tsaya a rufe ko da yaushe, babu mai ce wa turbo ya isa. Kwamfuta za ta ci gaba da yanke mai kamar da, wato matsalar da ta kusa halaka ka tana nan, an kuma ɗora mata wata. Hayaƙi ya rasa mafita, zafi ya taru, juwan kulas ya ƙone, ko sandar da ke juyawa a cikin turbo ta karye.

Mafi muni shi ne in turbon ya fara zubar da baƙin mai cikin hanyar iska. Injin gazuwal yana iya cin wannan man ya gudu da kansa. Ko ka zare makulli ba lalle ya mutu ba, sai ƙara da farin hayaƙi har ya tarwatse. Na ga haka da idona a gareji, yaran shago suka watse, mai motar na tsaye yana salati, kuma da ita yake ciyar da iyalinsa. In ta taɓa faruwa gare ka, sa giya mafi girma, danne birki da ƙarfi, ka saki ambireyaj. Kada ka toshe bakin iska da tafin hannu.

Su masu wannan aiki na san uzurinsu: mai mota ba kuɗi, kaya sai an aika Kano. To amma mutum ya damƙa maka amanar abin neman abincinsa, da rayukan fasinjan da zai ɗauka. In ba ka da mita da famfon hannu, ka ce ba ka da su, ka tura shi gaba. Mita ɗaya ta tiyo ba ta kai kuɗin man zuwa Mirya da dawowa ba.

In awo ya nuna bawul ne, ka kai tsohon bawul ɗin kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko wajen masu kayan gyara na nan gari, a dace da lambar da ke jikinsa. Bawul ɗin EGR, na maido da hayaƙi cikin inji, da ke kusa da shi kamarsu ɗaya a ido amma aikinsu daban, kada a musanya maka. Bayan an ɗaura, a goge lambobin matsalar daga kwamfuta, a hau titi da na'urar a jone, a taka a giya ta huɗu, a ga matsin da kwamfuta ta nema da wanda ta samu suna tafiya tare.