Mota ta buge barewa: shin in yanka ta don ta huta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban tasi ne a Ingila, kuma galibi da dare nake aiki. Kwanakin baya na tarar da barewa a gefen titi, mota ta karya mata baya, tana ta shure-shure. Na so in yanka ta don ta huta, amma tsoro ya sa na wuce. Me ya kamata in yi, kuma da na yanka ta, namanta ya halatta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tausayin da ka ji abin yabo ne, domin hadisin Shaddad ɗan Aus da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan kome, har wajen yanka. Sai dai a ganina, kyautatawar da ta rataya a wuyanka a nan ita ce ka kira wanda ya iya aikin, kada ka sa hannu da kanka.

Ka tsaya inda babu haɗari, ka kunna fitilun gargaɗi, ka kira 'yan sanda ta 101, ko 999 idan dabbar tana kan titi har tana iya jawo wani haɗarin, ka kwatanta musu wurin dalla-dalla. Su ne za su turo likitan dabbobi ko gwanin harbi mai lasisi. Kada ka matso kusa da ita, domin barewar da ta ji ciwo tana iya tashi a firgice ta faɗa cikin motoci, kofatonta yana tsaga jiki, namijin kuma yana tunkuyi da ƙaho. Kusantar mutum ma kaɗai tana ƙara mata azaba.

Gaskiya ne dokar barewa ta 1991 ta yarda a kashe wadda ta ji mummunan rauni don a raba ta da wahala, amma wannan sauƙin bai tsare wanda ya yi aikin da ganganci har ya tsawaita mata azaba ba, ga shi kuma yawo da wuƙar yanka a mota ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne a ƙasar.

Game da naman, aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta haramta dabbar da aka buge ta mutu, in ban da wadda aka riska da rai aka yanka. Malaman Malikiyya sun ce idan bugun ya riga ya kai makasa, kamar tsinkewar laka ko zubewar hanji ko ƙwaƙwalwa, yanka ba ya halatta ta, ko da yake wasu mazhabobin sun sassauta muddin akwai sauran rai. Karayar baya kuwa sau da yawa tana tafe da tsinkewar laka. Idan kuma likita ya kashe ta da allura, naman ya zama guba ga mutum da kare, don haka kada a kai shi gida.