Amsa ga ƙanwata mai shirin zuwa Indiya karatun jinya

Ƙanwata, na ga saƙonki. Kin ce kin samu gurbin karatun aikin jinya a Bangalor, kina so ki riƙa ɗan aiki a gefe don ki rage wa Baba nauyi, kuma kina tambaya yadda ake riƙe mace ma'aikaciya a nan.

Batun aikin gefe ki cire shi daga lissafi tun yanzu. Bizar ɗalibi a Indiya ba ta yarda da aikin albashi ba, in aka kama ki karatun ma sai ya salwanta. Ki zo da guzurinki a cike, ki yi rajista da ofishin rajistar baƙi 'yan ƙasar waje (FRRO) cikin kwana 14 da saukarki.

A takarda dokarsu ta kare mata ma'aikata tana da kyau, kuma da hawayen mata aka same ta. A 1992 aka yi wa Bhanwari Devi fyaɗe a wani ƙauye na Rajastan, saboda aikinta na gwamnati ya kai ta ga ƙoƙarin hana auren wata jaririya. Daga nan ƙungiyoyin mata suka je Kotun Ƙoli, ta fitar da ƙa'idoji a 1997, sai a 2013 aka mai da su doka: duk wurin da ke da ma'aikata goma zuwa sama dole ya kafa kwamitin karɓar ƙorafin cin zarafi, mace ce shugabarsa. Tun 2017 kuma hutun haihuwa mako 26 ne da albashi. To amma wanda ya ɗauke ta aiki ne ke biyan kuɗin, shi ya sa ƙawayena 'yan ƙasa ke cewa a wajen ɗaukar aiki sai an zagaya an tambaye su yaushe aure, yaushe haihuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawancin mata ba su ma shigo inda dokar ke kaiwa ba. Matar da ke shara a gidajen benenmu tun asuba take fitowa, gida biyar take yi, ba takarda ba hutu, kuma na ga gidan da aka ware mata kofinta daban saboda asalinta. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Haka matan da ake kira ASHA, masu bin gida-gida don rigakafi da awon ciki tun 2005, har yau 'yan sa-kai ake ce musu, alawus ake ba su.

Ke da asibiti za ki shiga, ki buɗe ido. Da yawa cikin nas-nas ɗin nan 'yan jihar Kerala ne, ƙwararru masu juriya, amma albashin asibitocin kuɗi bai taka kara ya karya ba, shi ya sa suke kwarara Dubai da Saudiyya da Ingila. A watan Agusta na 2024 aka yi wa wata likita mai neman ƙwarewa fyaɗe aka kashe ta a cikin asibitin gwamnati a Kolkata tana aikin dare, likitoci suka shiga yajin aiki ko'ina a ƙasar. Don haka ki tambayi makaranta inda ɗalibai ke kwana in suna aikin dare, da motar da ke mai da su masauki.

Ki tambaye su batun hijabi ma, su ba ki amsa a rubuce. A jihar nan ta Karnataka, inda Bangalor take, aka yi rigimar hana shi a kwalejojin gwamnati a 2022. Kallo kuwa saboda launin fata za ki sha shi. Ni sai a gida na huɗu aka yarda aka ba ni haya.

Duk da haka ina ganin ki zo. Karatun yana da inganci, kuma za ki samu mata masu riƙe ki kamar 'yar gida. Ki zo da niyyar koyo ki koma da shi, domin bizar aiki tana da wuyar samu ga sabon hannu. Kafin Baba ya biya ko sisi, turo mini takardar makarantar in duba ko hukumar jinya ta Indiya ta san da ita. Ki gaida Inna.