Titin da ake "hayar" Buda a Bankok

Tambaya: Na je Bankok saro kaya, sai direban tasi ya bi da ni ta wani titi da shaguna cike da mutum-mutumin Buda masu ruwan zinare, wasu sun fi mutum tsawo, an naɗe su da leda. Wa ke sayen waɗannan? Mai tambaya: wani ɗan kasuwa daga Kano.

Amsa: Alhaji, da alama titin Bamrung Mueang ka ratsa, ɗaya daga cikin titunan farko da aka shimfiɗa a birnin, zamanin Sarki Rama na Huɗu. Yana daf da haikalin Wat Suthat da katon jan lilon nan da aka kafa a 1784, wanda aka daina wasa da shi a 1935 bayan an sha rasa rayuka.

Manyan da ka gani ba na ɗaki ba ne. Iyali ko 'yan unguwa ne ke haɗa kuɗi su saya, a ɗora a akori-kura, a kai wa haikali kyauta don neman lada. A wurinsu, muddin yana cikin ledar nan haja ne kawai, sai sufaye, wato malaman addinin Buda, sun yi masa bikin "buɗe ido". Duk da haka mutumin Tailan ba ya cewa ya sayi Buda. Cewa yake ya yi hayarsa, ko da kuwa ba zai mayar ba har abada.

Amma cinikin yau da kullum na ƙananan kaya ne: mayafin sufaye mai ruwan goro, kyandir, turaren tsinke, da bokitan roba shaƙe da sabulu, man goge baki, magani da tocila, wanda ake miƙa wa sufi dungurungum. Gabanin zaman damina na wata uku da sufaye ke yi, wajen watan Yuli, kyandirori masu kaurin turmi ne ke cika bakin shaguna.

Ni dai abin da ya fi burge ni yana can gaba kaɗan, a lungun Ban Bat kusa da Wat Saket, inda wasu 'yan gidaje ke ƙera ƙwaryar barar sufaye da hannu, daga ƙarfe guda takwas da ake haɗawa a yi ta bugu da guduma. Na masana'anta sun kusa kashe musu kasuwa.

In wani ya ba ka sautu, ka sani fitar da mutum-mutumin Buda daga ƙasar galibi sai da takardar izinin hukumar kula da kayan tarihi.