Tambayi Likita: Kullum sai a ce mana taifot ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, don Allah ni dai duk sanda zazzaɓi ya kama ni ko yarana in muka je lab ɗin unguwarmu sai a ce maleriya da taifot, mu sayi sipro a kemis mu sha, bayan wata biyu abu ya dawo. Wai taifot ɗin nan baya warkewa ne ko a jininmu yake?
Maman yara, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Gaskiya ina kyautata zaton yawancin lokutan nan ba taifot kuka yi ba, gwajin ne yake ruɗa ku. Wanda ake muku sunansa Widal, wani likita ɗan Faransa ne ya fito da shi tun 1896, kuma shi baya ganin ƙwayar cutar kanta, garkuwar da jiki ya haɗa kawai yake aunawa, to wanda ya taɓa yin taifot a baya ko ya tashi inda cutar take yawo ko ma maleriya ce ke damunsa duk zai iya nuna akwai alhali babu.

Gwajin da ake dogaro da shi shine kalca. A ɗebi jini a zuba a kwalba mai abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye a ɗumi kwana biyu zuwa biyar ko fiye, in Salmonella Typhi, wato ƙwayar da ke kawo taifot, na ciki zata yaɗu a ganta, sannan a ɗora mata ƙananan takardu masu magani kala-kala a faranti a ga wanne ke kashe ta wanne ta fi ƙarfinsa. Ya fi tsada kuma sai babban asibiti, amma wallahi ya fi miki amfani a kan kuɗin da kike ta zubawa a kemis. Ki je kafin ki fara shan magani, in kin riga kin sha, ƙwayar cutar ba lallai ta fito ba.

Shan sipro barkatai ɗin nan shi ya fi tayar min da hankali, da haka ƙwayar ke sabawa da magani. A lardin Sindh na Pakistan a 2016 an samu taifot da ta daina jin kusan duk magungunan da aka saba bayarwa.

Ba gadonta ake ba Hajiya, ta bayan gida take shiga ruwa da abinci. Ki duba rijiyarku ko tana kusa da masai, ki tambayi ɗan garuwa inda yake ɗebo ruwa, ki tafasa na sha, a wanke hannu da sabulu. Wasu sun warke amma ƙwayar tana zaune a madaciyarsu suna yaɗa ta ba su sani ba.

In zazzaɓin yaro ya wuce kwana uku, ko cikinsa ya kumbura ya yi tauri yana ihun ciwo, kar ki tsaya kemis, ki wuce asibiti kai tsaye don taifot na gaske tana huda hanji, sai tiyata.